Ƙarfen da aka dandaƙe da iyakar zafin da yake iya ɗauka

Tun cikin shekarun 1990 masu binciken ƙarafa suka tabbatar da cewa ana iya ɗaukar ƙarfe na gama-gari, irin wanda ake yin rodi da shi, a ninka ƙarfinsa sau biyu ko uku ba tare da an zuba masa wani sinadari mai tsada ba, ta hanyar matsa shi da murɗa shi fiye da kima har sai ƙwayoyin da ke cikin jikinsa sun farfashe sun koma ƙanana ƙwarai. Duk da haka, har yau babu wanda zai shiga babbar kasuwar Maradi, ko ma wajen dillalan ƙarfe na Jamus da Jafan, ya tarar da irin wannan ƙarfe a jibge ana sayar da shi tan-tan. Dalilan suna da yawa. Akwai tsadar aikin, akwai ƙanƙantar abin da injinan suke iya fitarwa a lokaci guda, akwai kuma saurin tsinkewar ƙarfen idan an ja shi. Amma wanda ya fi wuyar magani shi ne zafi, domin ƙarfin da aka samu ta wannan hanya yana iya gushewa cikin sa'a ɗaya a wutar da ba ta kai ko rabin wadda za ta narkar da ƙarfen ba.

Tushen al'amarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a maƙera. Maƙeri ya san cewa idan ya ci gaba da dukan ƙarfe bayan ya huce, ƙarfen yana ƙara tauri har ya fara yi wa masaba gardama, kuma ya san cewa maganin wannan tauri shi ne ya mayar da shi cikin gawayi ya zuga, ya fito da shi ya yi laushi kamar ba a taɓa dukansa ba. Abin da masana suke yi a ɗakunan gwaji shi ne kai rabin farko na wannan aiki zuwa maƙura, sannan su nemi dabarar da za ta hana rabi na biyu aukuwa.

Ƙarfen da ake magana a kansa shi ne baƙin ƙarfe da aka gauraya da ɗan kabon. Idan aka goge fuskarsa ta yi sheƙi, aka shafa mata ruwan asid, aka duba da na'urar hangen ƙananan abubuwa, za a ga ƙwayoyi manne da juna, kowace ƙwaya atom ɗinta a jere sahu-sahu, sai dai sahun kowace yana fuskantar wani ɓangare dabam da na maƙwabciyarta. Inda biyu suka haɗu nan ne iyakar ƙwaya. Ƙarfe yana lanƙwasa ne saboda wasu layukan gocewa da ke cikin jerin atom, waɗanda suke zamewa idan an danna shi, iyaka kuwa tana tare musu hanya. Saboda haka gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyi, gwargwadon yawan iyakoki, gwargwadon ƙarfin da za a sa kafin ƙarfen ya lanƙwasa. E. O. Hall a 1951 da N. J. Petch a 1953 su ne suka fitar da lissafin wannan dangantaka: idan aka rage faɗin ƙwaya sau huɗu, gudummawar da iyakoki suke bayarwa tana ninkuwa sau biyu, idan kuma aka rage shi sau 100 tana ninkuwa sau goma. Ƙwayar ƙarfen gini na yau da kullum tana da faɗin maikuromita 10 zuwa 30, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Masana'antun zamani suna iya saukowa da ita zuwa wajen maikuromita 5 ta hanyar kula da zafi lokacin da ake murza ƙarfen. Wanda ake kira mai matsanancin ƙananan ƙwayoyi shi ne wanda ya sauko ƙasa da maikuromita 1.

Hanyoyin dandaƙar da suka fi shahara uku ne, kuma dabararsu ɗaya ce, wato a wahalar da ƙarfen matuƙa ba tare da siffarsa ta waje ta sauya ba, domin a iya maimaita aikin sau da yawa. Percy Bridgman na jami'ar Harvard, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1946, ya fara matse ɗan faifan ƙarfe tsakanin maƙera biyu yana murɗa shi tun a 1935. Vladimir Segal a Minsk, cikin shekarun 1970, ya ƙirƙiro tura sandar ƙarfe ta cikin rami mai kwana, ta fito da kaurinta na farko amma cikinta ya sha murɗa, hanyar da ake kira ECAP a taƙaice, wadda Ruslan Valiev da abokan aikinsa a birnin Ufa na Rasha suka nuna daga baya cewa tana samar da ƙananan ƙwayoyi. A 1998 kuma Saito da Tsuji da abokansu a jami'ar Osaka suka fito da murza falle har kaurinsa ya ragu da rabi, a yanka shi biyu, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a sake murzawa, ta yadda bayan zagaye goma falle ɗaya yana ƙunshe da hawa 1,024. Ƙarfe mai ƙarancin kabon da yake fara lanƙwasa a wajen megafaskal 300 (megafaskal ma'aunin ja ko matsin da ke kan abu ne) yana iya kaiwa kusan 900 bayan ƴan zagaye, ƙwayarsa kuma ta koma maikuromita 0.2 zuwa 0.3.

To, daga ina raunin yake? Atom ɗin da ke kan iyaka ba su zauna daidai ba, suna ɗauke da makamashi fiye da na tsakiyar ƙwaya, kuma kowane abu yana neman rage makamashin da ke jikinsa da zarar ya samu hali. A cikin ɗan curin ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane gefe, idan faɗin ƙwaya maikuromita 20 ne, jimlar faɗin iyakoki ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ba. Idan aka sauko da ƙwayar zuwa maikuromita 0.2, jimlar ta koma murabba'in mita 10, wato ta ninku sau 100. Ban da wannan, dandaƙar tana cusa layukan gocewa masu yawan gaske, har idan da za a miƙe na cikin wannan ɗan curi a haɗa su baki da baki, tsawonsu zai iya kaiwa kilomita miliyan ɗaya. Duk wannan makamashi ne da aka ajiye, kuma shi ne yake tura ƙarfen ya koma yadda yake a da. Wanda ya taɓa lura da kumfar sabulu a cikin roba ya ga irin abin da ke faruwa: da farko ƙananan kumfa ne birjik, bayan ɗan lokaci manyan suna haɗiye ƙananan, bangon da ke tsakani yana matsawa zuwa cikin ƙaramar har ta ɓace. Ƙwayoyin ƙarfe haka suke son yi, abin da ya hana su kawai shi ne a yanayin sanyi atom ba su da kuzarin tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Zafi shi yake ba su wannan kuzari. Kenan abin da ya ba wannan ƙarfe ƙarfinsa, wato yawan iyakoki, shi ne kuma abin da yake ingiza shi ya rasa ƙarfin.

Rushewar ba lokaci ɗaya take zuwa ba. Baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyas, kuma ƙa'idar da aka daɗe da sani ita ce ƙarfen da ya sha duka yana fara sabunta ƙwayoyinsa a wajen kashi 40 cikin 100 na zafin narkewarsa idan an auna daga cikakken sifiri, wato digiri 273 ƙasa da sifirin Salshiyas, wanda ga baƙin ƙarfe ya kama wajen digiri 450. Ƙasa da haka, tsakanin digiri 100 da 200, atom ɗin kabon ne kawai suke motsi, suna zuwa suna manne wa layukan gocewa suna ƙulle su, abin da Cottrell da Bilby suka bayyana a 1949. Wannan ma ƙarin ƙarfi yake kawowa, kuma masu ƙera motoci suna amfana da shi, domin jikin mota yana ƙara tauri a tandun busar da fenti mai zafin digiri 170. Daga wajen 300 zuwa 450 layukan gocewa suna fara cinye juna, iyakokin da suka fito a hargitse daga dandaƙa suna daidaita, ƙarfin yana ɗan raguwa amma ƙwayoyin suna nan da ƙanƙantarsu. Binciken da Dong Hyuk Shin da Kyung-Tae Park suka yi a Koriya ta Kudu a farkon shekarun 2000, a kan ƙarfe mai kabon kashi 0.15 cikin 100, ya nuna cewa gasawar sa'a ɗaya ba ta girmama ƙwayoyin sosai har zuwa kusan digiri 500, amma da an ɗan haura haka sababbin ƙwayoyi manya suke tsirowa, zuwa digiri 600 kuwa ƙarfen ya kama hanyar komawa laushinsa na asali.

Yadda girman yake aukuwa yana da muhimmanci kamar zafin da yake aukuwa a cikinsa. Iyakoki iri biyu ne. Idan bambancin fuskar sahun atom tsakanin ƙwayoyi biyu bai kai digiri 15 na kwana ba, iyakar mai nauyin tafiya ce, idan ya haura haka kuwa mai saurin tafiya ce. Ƙarfen da aka yi wa dandaƙa rabi da rabi yana da iri biyun a gauraye, kuma shi ne mafi haɗari, domin ƴan ƙwayoyin da suka yi sa'ar samun iyaka mai sauri za su yi ta cin maƙwabtansu har su ninka su girma sau 50 ko fiye, alhali sauran suna tsaye. Wanda aka dandaƙe sosai, har mafi yawan iyakokinsa suka zama masu sauri, yakan yi girma bai-ɗaya sannu a hankali, tun da babu ƙwayar da ta fi wata dama. Wannan ya saɓa wa abin da mutum zai zata, domin wanda ya fi shan wahala ya fi yawan makamashi a ajiye, amma sau da yawa shi ne ya fi sauƙin sarrafawa a tandu.

Wani abin da ya saɓa wa zato shi ne mafi tsabtar ƙarfe shi ne mafi saurin lalacewa. Iyaka tana tafiya ba tare da cikas ba idan babu komai a gabanta, saboda haka duk dabarun ƙara wa wannan ƙarfe jure zafi suna komawa ne ga zuba mata abin da zai riƙe ta. Hanya ta farko ita ce ƙananan ɓarɓashi masu tauri. Clarence Zener ne ya yi lissafin, Cyril Stanley Smith ya wallafa shi a 1948: ɓarɓashin da ya zauna a kan iyaka yana cinye wani yanki na faɗinta, kuma kafin ta rabu da shi sai ta sake ƙirƙiro wannan yanki, wanda yake buƙatar makamashi. Girman da ƙwaya za ta kai ta tsaya ya dogara ga girman ɓarɓashin da yawansa. A ƙarfe mai kabon kashi 0.15 cikin 100, kabaid ɗin baƙin ƙarfe, wato haɗin kabon da ƙarfen, da ake kira simentait yana cin wajen kashi 2 cikin 100 na jikin ƙarfen. Idan rabin faɗin kowane ɓarɓashi nanomita 50 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin 1,000 na maikuromita), lissafin yana ba da ƙwaya mai ƴan maikuromita, wato riƙon bai wadatar ba. Idan aka niƙe wannan simentait ɗin ya koma nanomita 10, ba tare da an ƙara ko ɗigon kabon ba, girman da ƙwaya za ta kai ta tsaya yana saukowa sau biyar. Ɓarɓashin da ya taru a kan iyakokin kansu ya fi riƙo fiye da abin da lissafin ya nuna, amma darasin bai sauya ba: ƙanƙanta da watsuwa sun fi yawa amfani.

Matsalar simentait ita ce shi ma yana girma. Ƙananan ɓarɓashi suna narkewa, kabon ɗinsu yana tafiya yana ƙara wa manya, kuma a wannan ƙarfe tafiyar tana da sauri ƙwarai domin atom sun fi saurin ratsawa ta kan iyaka fiye da ta tsakiyar ƙwaya, iyakoki kuwa ga su nan ko'ina. Da ɓarɓashin ya girma, riƙo ya saki. Wannan ne ya sa ake zuba ɗan banadiyam ko niyobiyam ko titaniyam ko molibdenam, waɗanda kabaid ɗinsu ƙanana ne kuma masu nauyin girma, saboda waɗannan atom ba su da saurin tafiya a cikin baƙin ƙarfe kamar kabon. Masu binciken Koriya da aka ambata sun nuna cewa ɗan banadiyam yana ɗaga zafin da ƙwayoyin suke jurewa. A nan ne, a ganina, alƙawarin farko ya fara ja da baya. An fara da cewa za a samu ƙarfi ba tare da sinadari mai tsada ba, sai ga shi kiyaye ƙarfin yana neman sinadarin.

Hanya ta biyu ita ce atom ɗin baƙin sinadari su je su zauna a kan iyakar da kansu. Suna iya zame mata kaya ta yadda ba za ta motsa ba sai ta ja su, abin da John Cahn ya yi wa lissafi a 1962, suna kuma iya rage makamashinta har ta daina neman ɓacewa, ra'ayin da Jörg Weissmüller da Reiner Kirchheim suka bunƙasa daga baya. Ƙarfe mai kabon da yawa, wajen kashi 0.8 cikin 100, shi ne babban misali. Tsarinsa falle-falle ne na baƙin ƙarfe da simentait, kuma idan aka murɗa shi a ƙarƙashin matsi mai tsanani simentait ɗin yana wargajewa, kabon ya bazu zuwa iyakoki, ƙwayoyi su sauko zuwa ƴan gomman nanomita, kamar yadda Yulia Ivanisenko da abokan aikinta suka nuna a 2003 da ƙarfen layin dogo. Irin wannan sauyi yana faruwa da kansa a fatar saman layin dogo inda ƙafafun jirgi suke murzawa shekara da shekaru, kuma layin da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maradi ba zai kuɓuta daga gare shi ba idan jirage suka fara zirga-zirga. Wayar da aka ja daga irin wannan ƙarfe ta kai kusan megafaskal 7,000 a wani bincike na cibiyar Max Planck da ke Düsseldorf a 2014, amma wannan ƙarfi yana fara zubewa da wuri idan an gasa ta, domin kabon yana sake haɗuwa ya zama ƙwallayen simentait, iyakokin su rasa abin da ya riƙe su.

Masu gina gadoji sun gamu da wannan matsala tun kafin a fara maganar ECAP. Wayar igiyar gada dole a tsoma ta cikin narkakkiyar tutiya domin kada ta yi tsatsa, kuma zafin wannan kasko wajen digiri 450 ne, daidai inda tsarin wayar yake fara sassautawa. Lokacin da ake shirin gina gadar Akashi Kaikyo a Jafan, wadda aka buɗe a 1998 da tazarar mita 1,991 tsakanin ginshiƙanta biyu, sai da aka ƙara silikon a ƙarfen wayar domin ya jinkirta rushewar simentait a lokacin tsomawar, da haka aka samu waya mai megafaskal 1,800. Tsomawar ba ta daɗewa, amma ta isa ta tilasta sauya haɗin ƙarfen.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kuromiyam da nikel, nasa labarin ya bambanta. Nau'in 316L da aka murɗa har ƙwayarsa ta sauko ƙasa da nanomita 100 yana ƙara tauri ne idan an gasa shi har zuwa wajen digiri 550, maimakon ya yi laushi, abin da masu bincike a Leoben ta ƙasar Ostiriya da wasunsu suka auna. Akwai masu cewa molibdenam da silikon da kuromiyam ne suke taruwa a kan iyakoki su hana su fitar da sababbin layukan gocewa, akwai kuma masu cewa gasawar ce take share layukan da ke iya motsi, sai ƙarfen ya rasa abin da zai lanƙwasa da shi. Xiaoxu Huang da Niels Hansen da Nobuhiro Tsuji sun ga irin haka a alminiyam a 2006, abin da ya ƙarfafa ra'ayi na biyu, ko da yake babu abin da ya hana dalilan biyu yin aiki tare. Sai dai wannan ƙarin tauri ba kyauta ba ne, domin yakan zo da gautsi, kuma saurin tafiyar atom a kan iyakoki yana gaggauta fitowar wasu ɓarɓashi masu cinye kuromiyam, wanda shi ne yake kare ƙarfen daga tsatsa. Wanda ya auna tauri kaɗai zai ce ƙarfen ya jure wuta, alhali ya fara lalacewa ta wata fuska.

Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi shi ne lokaci. Idan aka ce wani ƙarfe ya jure har digiri 500, kusan kullum ana nufin an sa shi a tandu na sa'a ɗaya aka fito da shi aka auna. Inji kuwa ba sa'a ɗaya yake aiki ba. Hollomon da Jaffe sun fitar da wata ƙididdiga a 1945 mai musanya zafi da lokaci, kuma ko da yake ta kintace ce, an kuma tsara ta domin ƙarfen da aka taurara ta hanyar tsomawa a ruwa ko mai, tana nuna girman al'amarin. Bisa wannan lissafi, sa'a ɗaya a digiri 500 tana daidai da shekara goma a wajen digiri 350. Kenan lambar da aka rubuta a rahoto ta zarce wadda injiniya zai dogara da ita da digiri 150 ko makamancin haka. Ɗalibin da ke karatun ƙarafa a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, duk lokacin da ya ga an rubuta zafin da ƙarfe ya jure, ya kamata ya nemi tsawon lokacin gasawar da abin da aka auna bayanta kafin ya yarda da lambar. Ta ɗaya gefen, lissafin yana kwantar da hankali game da yanayinmu. Zafin Afrilu da Mayu a Maradi yana haura digiri 40, kuma ƙarfen da aka bari a rana yana iya ƙona hannu, amma ko da ya kai digiri 80 iyakokin ƙwayoyinsa ba za su gusa ba a tsawon rayuwar mutum.

Abokin gaba na gaske shi ne walda. A Maradi kusan duk abin da ake yi da ƙarfe, ƙofa ce, taga ce, amalanke ne, rumfa ce ko tankin ruwa, da walda ake haɗa shi, kuma a manyan masana'antun duniya ma haka ne. Wurin da aka yi walda yana narkewa a sama da digiri 1,500, kuma a gefensa akwai zirin da bai narke ba amma ya ratsa duk matakan zafi daga can sama har ƙasa. Inda ya haura digiri 727 tsarin ƙarfe mai kabon yana fara rikiɗa zuwa wani jeri dabam, rikiɗar da a tsantsar baƙin ƙarfe take zuwa a digiri 912, kuma da ta kammala babu abin da ya rage na dandaƙar da aka yi. Inda ya tsaya tsakanin 550 da 727 kuwa ƙwayoyi sun sabunta sun girma. Sakamakon shi ne sanda mai megafaskal 900 da ɗan ziri mai laushi a gefen kowace walda, kuma duk jan da aka yi mata a wannan ziri zai taru. Ana rage ɓarnar da waldar leza, wadda zirinta siriri ne, ko da wani nau'in waldar gogayya da cibiyar binciken walda ta TWI a Ingila ta ƙirƙiro a 1991, wanda yake haɗa ƙarfe ba tare da narkar da shi ba, amma babu ɗaya daga cikinsu da ta yi kama da injin walda da ke bakin titi a araha ko sauƙi.

Akwai ƙarafan da suka tsallake wannan shinge na digiri 500 da nisa. Ana niƙa garin ƙarfe mai kuromiyam tare da ɗan garin oksaid na itiriyam a cikin injin ƙwallaye, niƙan da shi ma dandaƙa ce mai tsanani, sannan a matse garin da zafi ya zama dunƙule. A nau'in 14YWT da aka haɓaka a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka, ɓarɓashin itiriyam da titaniyam da iskar oksijin masu faɗin nanomita 2 zuwa 4 suna riƙe iyakoki har wajen digiri 1,000, domin kusan ba sa narkewa a cikin baƙin ƙarfe, saboda haka ba su da hanyar girma. An nufe su ne da tashoshin nukiliya, tsadarsu ta fi ƙarfin aikin gini, kuma waldar narkarwa tana tattara ɓarɓashin wuri ɗaya ta ɓata su. Ko da ƙwayoyi sun tsaya ba su girma ba, akwai wata matsalar: a zafi mai yawa ƙwayoyi suna zamewa a kan juna ta iyakokinsu, ƙarfen yana miƙewa sannu a hankali ƙarƙashin nauyi, kuma mai yawan iyakoki ya fi saurin yin haka. Shi ya sa fukafukan injin jirgin sama da ke cikin wuta ake zuba su ƙwaya ɗaya tak, babu iyaka ko ɗaya.

Ba kowane girman ƙwaya ne asara ba. Ƙarfen da ya fito daga dandaƙa kai tsaye yana da ƙarfi amma ba ya miƙuwa, da ya fara lanƙwasa sai wuri ɗaya ya tsuke ya tsinke, domin cikinsa ya riga ya cika da layukan gocewa, babu wurin da zai ƙara tara wasu. Ginin da aka yi da irin wannan ƙarfe ba zai yi gargaɗi kafin ya karye ba. Gasawa mai awo, wadda za ta bar ƙwayoyi su kai maikuromita 1 ko 2, ko ta bar ƴan manya a tsakanin ƙanana, tana mayar da wani ɓangare na miƙuwar a madadin wani ɓangare na ƙarfin, kuma tana ƙone makamashin da zai ingiza rushewa daga baya. Manyan shirye-shiryen da Jafan ta fara a 1997, Koriya ta Kudu da Sin suka bi sahu, sun fi karkata ga ƙwayar da ke kusa da maikuromita 1 fiye da wadda ta sauko can ƙasa, kuma ina ganin sun yi daidai.

Dabarar da ta fi gamsar da ni ita ce a yi dandaƙar da ɗumi tun farko. A 2008 Yuuji Kimura da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta NIMS da ke Tsukuba a Jafan sun murza ƙarfe mai kabon kashi 0.4 cikin 100, da silikon da kuromiyam da molibdenam, a zafin digiri 500. Ƙwayoyin suka fito sirara dogaye, cike da ƙananan kabaid, ƙarfen ya kai wajen megafaskal 1,800, kuma juriyarsa ga bugu ta ƙaru da aka sanyaya shi maimakon ta ragu kamar yadda aka saba gani. Tun da a digiri 500 aka gina tsarin, layukan gocewa da kabaid sun riga sun samu mazauni a wannan zafi, kuma ɗumin da bai kai haka ba ba shi da abin da zai sauya da sauri. Abin da aka gwada ƙerawa da shi kusoshi ne masu noti, wato ƙaramin kaya da injin murzawa yake iya fitarwa, wanda yake aiki a zafin da bai kai na tandu ba, kuma wanda ake ɗaurewa da sifana maimakon walda.